Ƙanina da jitarsa a Nima

Wallahi ranar da ƙanina Auta ya ce shi waƙar rok zai yi, gidanmu kowa ya yi shiru. Hajiya ta kalle shi ta ce, "Auta, wannan kiɗan mai ƙara kamar injin niƙa?" Nan Nima, unguwarmu a Accra, fa kiɗan Ghana na hai-laif da hip-laif aka sani, sai waƙoƙin biki.

Amma yaron nan da gaske yake. Da rana yana gyaran waya a Circle, shataletalen Kwame Nkrumah, da dare ya rufe ɗaki da jitarsa ta hannu wadda ya tara kuɗinta kaɗan-kaɗan, shi ke rubuta baitocinsa da Hausa ya haɗa da Turanci da ɗan yaren Twi, shi ke biyan situdiyo, shi ke ɗorawa a YouTube da Audiomack, babu kamfani babu manaja, in aka ɗauke wuta ana tsakiyar rikodin haka zai haƙura ya hau trotro, ƙaramar bas ɗin haya, ya dawo gida.

Shi ya fara gaya min labarin Osibisa, ƙungiyar da 'yan Ghana da 'yan Karibiyan suka kafa a Landan a 1969 suka haɗa rok da gangunanmu. Ya ce, "Yaya, ba baƙon abu na ɗauko ba."

Ni dai na matsa masa ya yi rajista da GHAMRO, ƙungiyar kare haƙƙin mawaƙa ta Ghana, saboda haƙƙin waƙoƙinsa, kar a ci guminsa.

Asabar da ta wuce ya yi wasa a unguwar Osu, mutane ba su da yawa, amma da ya rera wadda ya rubuta wa marigayi Baba sai da na yi hawaye. Hajiya ta sa na kunna mata bidiyon sau uku.