Ga Yaron Da Ya Ƙi Fitowa A Maigadi

Makon jiya muna lokeshan a wani gida bayan Zoo Road, ina zaune a tabarma ina jiran a zo kan sin ɗina, sai na ji hayaniya a bakin ƙofa. Wani yaro ne da bai wuce ashirin da uku ba, ya sha sabuwar shadda. An miƙa masa tsohuwar riga da hular sanyi da tocila, zai fito a maigadi, sin uku. Ya riƙe rigar da yatsu biyu, ya ce ba abin da ya kawo shi ke nan ba, in mabiyansa na TikTok suka gan shi a haka ya zube. Na ce, "Ɗana, zo mana." Ya waiwayo ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba za ka gane ba." Ya tafi.

Wallahi na gane, don ni ma na taɓa ajiye irin wannan rigar.

A wasan daɓe na taso, tun kafin fim ɗin kaset ya fito a Kano a 1990. Da rana ina kan keken ɗinki, da yamma mu taru a ajin firamare mu yi rihazal har magariba. Babu makirfo, dole muryarka ta kai bencin ƙarshe. Daga nan muka fara leƙa dirama ta CTV 67, gidan talabijin na jihar Kano. Tun a lokacin masu ido suka ce min muryata mai nauyi ce, fuskata ta manya ce, in na ɗaura rawani ba mai cewa ban kai talatin ba. Ni kuma na ji maganar kamar zagi.

Da kasuwar fim ta buɗe, wani furodusa ya kira ni in fito a mahaifin yarinya. Jarumin kuwa sa'ana ne, ni na koya masa yadda ake tsayawa a gaban jama'a. Na ce ba zan yi ba. Ya sake kira na a wani fim ɗin, mai unguwa, na ƙi. Bai ƙara nema na ba, kuma labari ya zaga cewa ina da girman kai.

Har gobe ina ganin ina da ɗan uzuri. Jarumi ne ake sa wa a fosta, shi yara ke bi a titi, shi ake ba kuɗi mai kauri. Mai fitowa a uba sai a sallame shi da kuɗin mota. Wa zai so yana matashi a binne shi a rawani? Kuma na fi da yawansu iya wasa, wannan ba zan janye ba. Amma uzurin bai kai girman abin da na aikata ba. Na sayar da kekunan ɗinkina biyu, na haɗa da kuɗin adashin matata, na shirya fim ɗina don in zama jarumi da ƙarfin tsiya. A wancan zamanin, kwalin fim ake bugawa a kai wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai da Bata, su naɗi kaset su saka a ciki. Lokacin waƙa da rawa ne ke sayar da fim, ni ko ban iya ko ɗaya ba. Fiye da rabin kwalayena suka dawo. Na jibge su a ƙarƙashin gado har gara ta cinye. Matata ba ta taɓa yi min gorin kuɗinta ba, kuma shirun nan nata ya fi faɗa zafi.

Shekara wajen shida na yi a gefe. Da na dawo, rawanin da na guda shi na ɗaura, sai dai yanzu ni ke roƙo. A 2007 da aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na watanni, ba ni da shago, ba ni da keke, sai na koma ɗinkin kwangila a shagon yaron da ni na koya wa yanka.

Abin da ban lura da shi ba ina matashi yana gabana kullum. Marigayi Kasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, ba shi ne jigon labari ba a diramar Cock Crow at Dawn ta NTA, amma har yau tsofaffi a kudu da arewa rol ɗinsa na Uncle Gaga suke tunawa. Jaruman da na yi wa hassada kuwa, yawancinsu shekara biyar suka yi ana yayinsu, aka kawo sababbin fuskoki. Uba da boka da alƙali da maigadi ba sa tsufa a fim. Tun da diramomi masu dogon zango suka kankama bayan buɗe Arewa24 a 2014, mu ne ake nema mako bayan mako.

Na zauna da niyyar jera muku, ku matasan 'yan fim, shawarwari goma, amma abin da ya rage kaɗan ne. In an ba ka ƙaramin rol, karɓa, ka yi shi kamar babu wani a fim ɗin sai kai. Je ka zauna da maigadin layinku dare ɗaya, ka ga yadda yake haska tocila a ƙasa, ba a fuskar mai gida ba. Amma ina, ku yanzu ko layi huɗu ba kwa iya haddacewa, ana ba ku umarni ido na kan waya, kuna ɗaukar hoton kanku kafin a ce akshin.

Sai dai kuma kar ka karɓi komai da ido rufe. Na san na ce karɓa, to ga ɗaya gefen. A 2022 dattijuwar 'yar fim Ladin Cima ta shaida wa BBC Hausa cewa dubu biyu zuwa dubu biyar ake ba ta a fim, bayan shekarun da ta kwashe a sana'ar, masana'anta ta ɗauki zafi. Mu da ke fitowa a iyaye mun san inda maganar ta dosa. Tambayi nawa ne kafin ka sa riga, a gaban shaida. In raini ne, tafi abinka. Yadda za ka bambance raini da ƙaramin farawa, ni kaina sai da furfura ta fito na iya, kuma har yanzu ina kuskurewa.

Sana'ar hannunka kuwa, kar ka sake ta ko da fuskarka ta cika gari. Wannan ba ni da kokwanto a kai.

Rigar maigadin an ba yaron da ke riƙe mana fitila. Kafin a fara ya tsuguna kusa da ni ya ce, "Baba, ya ake tashi daga barci a firgice ba tare da an yi yawa ba?" Muka yi sau huɗu a bayan mota. Wancan mai shaddar kuwa na tambayi wanda ya kawo shi, ya ce a Ɗorayi yake. Ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan je in same shi.