Na sassaƙa Z 5, jirgin topidon Holan da ya shiga yaƙi ba topido

Sassaƙa ƙananan jiragen ruwa da katako da kwali shi ne abin da nake yi in na samu sarari. Abokan harkar sun fi son manyan jiragen Ingila da na Jamus, masu igwogi jere-jere. Ni siriri nake so, shi ya sa na ɗauki Z 5 na sojan ruwan Holan: tsawonsa ya ɗan haura mita 58, faɗinsa mita 6 kacal. A ma'aunin ɗaya bisa ɗari ya dawo santimita 58, daidai tsawon teburina.

Kafin in taɓa wuƙa sai da na zauna na warware sunaye, domin a nan hotuna suke ruɗa mutum. A 1914 Holan ta ba kamfanin Vulcan na birnin Stettin aikin ƙera mata jirage huɗu, Z 1 zuwa Z 4. Yaƙin Duniya na Ɗaya na ɓarkewa, Jamus ta riƙe su ta sa musu V105 zuwa V108. Holan ta sake ƙera wasu huɗu a Amsterdam da waɗancan sunaye, ba su shiga aiki ba sai bayan yaƙin. Z 5 zuwa Z 8 kuwa tun farko 'yan gida ne, kuma zubinsu daban. Duk hoton da aka rubuta wa "Z" sai ka tambayi wane Z ɗin. Waɗanda Jamus ta riƙe ma ba su ga daɗi ba: nakiya ta nutsar da V107 a Libau a 1915, V105 ya koma hannun Polan da sunan Mazur, jiragen saman Jamus suka nutsar da shi a Gdynia ranar 1 ga Satumba 1939, ranar farko ta yaƙi na biyu.

Babban abin da aikin ya koya mini shi ne zaɓen shekara tun kafin yankan katako. Z 5 na 1917 yana da bututun harba topido (makamin da ke tafiya cikin ruwa ya fasa jirgi) huɗu da igwogi biyu masu bakin milimita 75, ga shi da gudu sosai. A farkon shekarun 1930 aka mayar da shi jirgin sintiri, aka kwashe bututun topidon. In ka haɗa kayan wannan zamani da na wancan a jiki ɗaya, ka gina jirgin da bai taɓa hawa ruwa ba. Na zaɓi 10 ga Mayu 1940, ranar da Jamus ta auka wa Holan, don haka tsakiyar benen jirgina fayau take. Wanda duk ya gani sai ya ce ina topidon, na manta ne?

Ban manta ba. Da asubar ranar, jiragen saman Jamus 12 masu sauka a ruwa, ƙirar Heinkel He 59, suka dira a kogin Nieuwe Maas a tsakiyar Roterdam, sojojinsu suka kama gadoji. Aka turo Z 5 daga bakin teku tare da ƙaramin kwalekwalen topido mai inji, TM 51. Suka hauro kogin har kusa da gadar Willemsbrug, suna ruwan wuta kan wuraren da Jamusawa suka laɓe, jiragen sama na jefo musu bama-bamai, har harsashi ya ƙare suka juya. Wani jirgin yaƙin Holan, Van Galen, wanda ya fi su girma nesa ba kusa ba, ya biyo sawu a ranar, bama-bamai suka gama da shi kafin ya isa gadojin.

Na je na tsaya a bakin kogin don in ga faɗinsa da idona. Tsohuwar gadar babu ita, an maye ta da sabuwa ja a 1981, amma farin benen nan Witte Huis yana tsaye. A taswira wurin kamar da fili. A ido kuwa ba inda jirgi mai mita 58 zai kauce wa bom. Daga nan na rage tsayin gefen jirgina, na goge shi da samfefa har ya kwanta kusa da ruwa yadda na asalin yake. Mutanen da ke kan igwogin a fili suke tsaye, ba abin da ya kare su.

A ganina haka tarihin waɗannan jirage yake tun tushe. Na farko-farko, waɗanda Holan ta fara saya daga Yarrow da Thornycroft na Ingila a shekarun 1870, nakiya suke ɗauke da ita a kan doguwar sanda a goshin jirgi, sai sun je sun dungura wa abokin gaba. An ƙera su don kai hari, amma aikin da ya same su gadi ne. Holan 'yar ba-ruwanmu ce daga 1914 zuwa 1918, sai sintiri a mashigai cike da nakiyoyin wasu, kuma ɗaya daga cikin nakiyoyin ta ci jirgin topidonta G 11 a 1918.

Fenti shi ya fi cin lokaci. Launin toka a ƙaramin jiki yakan yi duhu fiye da yadda yake a babban jirgi, sai an sirka da fari, a shafa siriri sau da yawa. Igiyoyin kuma zaren ɗinki ya yi kauri, zaren kamun kifi na sa.

Tuta ba ta ba ni wuya ba tunda na riga na tsai da rana: ja, fari, shuɗi. Da na matsa gaba kaɗan da sai in canza ta, domin Z 5 ya tsallaka Ingila tare da Z 6, Z 7, Z 8, G 13 da G 15 da ƙasar ta faɗi, daga baya sojan ruwan Birtaniya suka karɓe shi suka sa masa HMS Blade, yana yi wa jiragen ƙarƙashin ruwa hidima, har aka farfasa shi a 1945.