Kafin ka sayi sabuwar saba, bari mu leƙa cikin tsohuwar

Ni da yarana uku ne a shago, a nan Kano. Aikinmu kula da rumbun bayanai na kantunan magani, makarantun kuɗi da dillalan kayan masarufi. Kiran da ya fi shigo min shi ne, "Injiniya, abin nan fa ya yi nauyi."

Ana saura kwana goma Sallah wani Alhaji dillali a Kasuwar Singa ya kira ni. Na tarar da layi har bakin ƙofa, yaron kanta ya danna a fitar da rasit, ya zuba tagumi yana kallon kwamfuta kamar mai duban wata. Ashe kafin ni an kawo wani. Ya kashe ya kunna, ya karɓi kuɗin mai, ya ce saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan kantin, ta tsufa, a sayi sabuwa, kuma a wajensa. Irin waɗannan su ke zubar mana da mutunci. Mutum ya iya saka Windows, ya buga kati, shi ke nan ya zama injiniya.

Na ja kujera na shiga MySQL, manhajar da ke sarrafa rumbun bayanan, na buga SHOW PROCESSLIST. Wannan umarni tamkar leƙa ɗakin ganin likita ne: ka ga wanda ke ciki, ka ga masu jira da daɗewar kowa. Tambaya ɗaya ce cikin waɗanda ake aika wa rumbun ta tare hanya, rahoton cinikin yini da manaja ke buɗewa bini-bini daga ofis. Da na sa mata EXPLAIN, umarnin da ke nuna yadda take neman bayani, sai ga ALL, wato tana bin teburin ciniki, jadawalin da ake adana rasit a ciki, layi-layi tun daga rasit ɗin farko na shekara shida baya, don kawai ta tsamo na yau. Babu fihirisa a kan kwanan wata, wato jerin da zai kai ta kan na yau kai tsaye. Teburin kuma tsohon tsarin MyISAM ne, wanda kullensa na tebur ɗungurungum ne, mai son gyara wani abu a ciki sai ya jira mai karatu ya gama. Manaja na duba riba, kanta ta tsaya cik.

Ban taɓa komai ba sai da aka tashi kasuwa. Wannan tarbiyyar maigidana ce, a shagon intanet ɗin da na fara shara da sayar da tikiti. Ranar da na kai hannu zan gyara tebur ban kwafi bayanan ba, buge min hannu ya yi a gaban kwastomomi. Shi ya nuna min kundin da MySQL ke rubuta tambayoyi masu jan ƙafa. Asali sai tambaya ta wuce daƙiƙa 10 take shiga ciki, shi kuwa yakan mayar da shi daƙiƙa 1. Allah ya saka masa da alheri.

Bayan Isha'i na kwafi komai a faifai daban, na mayar da teburin tsarin InnoDB, wanda kullensa na layi-layi ne, na ɗora fihirisa. Sai kuma wurin da InnoDB ke riƙe bayanai a ram, ma'ajiyar wucin gadi mai sauri ta kwamfuta: MySQL na zuwa da shi a megabait 128 kacal, injin Alhaji kuwa gigabait 16 gare shi. Na buɗa masa. Washegari rasit na fita kafin yaro ya ɗaga yatsa.

Da aka zo biya, Alhaji ya ce, "Haba Injiniya, ko waya ɗaya ba ka canza ba fa." Muka ja, muka ja, ya rage abin da ya rage, ya ɗora min katan ɗin taliya. Na karɓa, amma sai da na sa aka buɗe murfin injin a gabansa. Ƙurar hunturun bara ta yi dam a fanka kamar audugar katifa, ga shi an jingina shi da buhunan sukari. Yanzu duk farkon wata yarona yakan je da abin busa ƙura.