Rasit ɗin da ban tsaya na karɓa ba

Tsofaffin agogunan hannu nake sayarwa ta intanet. In sayo su a mace, in buɗe, in wanke injin, in sauya madauri, sannan in ɗauki hoto in ɗora. Ina cikin shekara ta biyu da fara wannan sana'a lokacin da abin da zan ba da labari ya same ni, kuma har yau in na tuna sai na ji wani abu ya tokare mini a ƙirji.

Wata Litinin ce na tafi wurin aika kaya da ƙunshi bakwai a cikin jaka. Tun da dare na biya kuɗin aikawa ta manhaja, na buga takardun adireshi, na manna wa kowane kwali tasa. Na tarar da layi har bakin ƙofa, ma'aikaciya ɗaya ce tal a kanta. Da ta hango kayana duk da takardunsu a manne, sai ta ɗago murya ta ce, "Malam, tunda ka riga ka biya, zuba su a kwandon can kawai, in mutane sun ragu za mu shigar da su." Na yi mata godiya da zuciya ɗaya, don sauƙi ta so ta yi mini. Na zuba, na kama hanya.

Kafin dare guda shida sun bayyana a shafin bin sawu, an nuna an karɓe su. Na bakwai shiru. Shi ne kuwa mafi daraja a cikinsu, agogo mai inji wanda na yi kusan mako biyu ina neman wani ɗan siririn ƙarfe da ya karye a cikinsa. Kwana biyu, kwana biyar, mako guda, rubutun da ke shafin bai motsa ba: an buga takardar aikawa, ana jiran kaya. A kwana na goma sha biyu mai saye ya rubuto mini. Bai yi zagi ba, bai yi tsawa ba. Cewa ya yi, "Ɗan'uwa, na duba lambar da ka ba ni, ta nuna ba ka ma kai kayan ba tukuna. In akwai matsala ka faɗa mini gaskiya." Wannan "ka faɗa mini gaskiya" ta fi mini asarar agogon ciwo.

Ya shigar da ƙorafi a dandalin da muka yi cinikin, kuma hakkinsa ne. Aka ba ni 'yan kwanaki in kawo hujja. Na tattara duk abin da nake da shi: hoton agogon a cikin kwali, hoton kwalin a rufe da adireshi a kai, shaidar biyan kuɗin aikawa, har da hirarmu tun daga farko. Na tura ina ganin na gama. Amsar da ta dawo gajeriya ce, wai abin da na kawo ya nuna na shirya kaya kuma na biya kuɗin aikawa, amma bai nuna kayan sun bar hannuna ba. Na karanta sau uku ina neman inda zan musa, ban samu ba. Kowa na iya biyan kuɗi ya buga takarda ya ɗauki hoto, sannan ya mayar da kwalin ƙarƙashin gado. Ni na san ban yi haka ba, amma wanda ke yanke hukunci bai san ni ba, takarda kawai yake gani.

Na koma wurin ma'aikaciyar. Ta tuna ni, ta ma tuna ranar, ta shiga ciki ta duba lungu-lungu ta fito babu. Na roƙe ta ta rubuta mini ko da layi biyu ne cewa na kawo ƙunshi bakwai. Ta ce, "Malam, wallahi na yarda da kai, amma ba zan iya sa hannu a kan abin da ban ƙirga ba, kuma na'ura ba ta fitar da rasit na ranar da ta wuce." Ban ga laifinta a wannan ba. Na mayar wa mai saye kuɗinsa cif. Diyya kuma ban samu ko ƙofar nema ba, domin a wurin masu aika kayan wannan ƙunshi bai taɓa shiga hannunsu ba. Ashe dai shaidar aikawa abu ce ta tun ran gini ran zane: a daidai lokacin da kaya ke barin hannunka zuwa nasu ake karɓarta, in ka juya baya ta wuce ke nan.

Tun daga ranar ban ƙara zuba kaya a kwando ba. Ina bin layi komai tsawonsa. Ina miƙa ƙunshin ɗaya bayan ɗaya, ina kallo a ɗora shi a kan sikeli, ina sauraron ƙarar na'ura idan ta karanta lambar da ke jikin takardar. In na kawo tara, ƙara tara nake son ji. Idan an miƙo rasit ba na cusa shi a aljihu, sai in ɗan matsa gefe in ba na bayana wuri, in karanta. Kwanan wata da lokaci nake fara dubawa, sai lambar bin sawu, in gwada ta da wadda ke cikin wayata harafi da harafi. Sai inda kayan za su, ko da sunan gari ne da lambar unguwa, domin rasit ɗin da ke cewa "ƙunshi ɗaya" kawai, babu inda ya nufa, ba ya tsare mutum daga komai. Ana iya cewa na wani ciniki ne daban. Sau biyu na kama kuskure a tsaye a nan, ɗaya an tsallake ƙunshi guda, ɗaya an buga lambar unguwa ba daidai ba, kuma duk biyun an gyara a take ba tare da wata gardama ba.

Nauyi kuwa da farko ban ɗauke shi a bakin komai ba, sai da ya cece ni. Wani mai saye ya taɓa cewa kwali ya iso masa babu agogo a ciki, sai takardun da na cusa don kada ya yi ta girgiza. Ban san abin da ya faru a hanya ba, ban kuma tuhume shi ba. Amma rasit ɗina ya nuna giram 310 a lokacin da aka karɓa, ni kuma na auna kwali irinsa da takardu irin waɗancan babu agogo, na ɗauki hoton sikelin yana nuna abin da bai kai rabin haka ba. Wannan bambancin ne ya nuna cewa da kaya a ciki lokacin da ƙunshin ya bar hannuna, maganar ta tashi daga kaina ta koma kan masu jigila, aka kuma biya diyya. Shi ya sa yanzu ko an ce ba sai an auna ba tunda na biya tun daga gida, ina roƙo a auna, a kuma bar nauyin ya fito a rasit.

Akwai kuma ɓarnar da na yi wa kaina da hannuna cikin rashin sani. Da na fara adana rasit, sai na sayi littafi ina manna su da salatif a jere, ina ganin na yi tsari. Bayan wata huɗu na buɗe neman guda ɗaya, na tarar duk inda salatif ya bi rubutun ya goge, ya zama fari fat. Irin wannan takardar ba da tawada ake buga ta ba, zafi ne ke fito da rubutun a jikinta, don haka hasken rana da maiƙo da ɗankon salatif duk suna cinye shi, zafi mai yawa kuma ya baƙanta ta gaba ɗaya. Wata huɗu kuwa ba wani lokaci ba ne a wannan harka. Dandalin ciniki na eBay na ba mai saye kwana 30 bayan ranar ƙarshe da aka ƙiyasta kaya za su iso ya ce bai gani ba. PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, kwana 180 yake bayarwa daga ranar biyan kuɗi. Wanda ya biya da katin banki galibi yana da kwana 120 da zai iya neman bankinsa ya janye kuɗin. Wato rasit na iya mutuwa tun kafin ranar da za a neme shi ta zo. Yanzu kafin in fita daga ƙofa nake ɗaukar hotonsa, a shimfiɗe, kusurwa huɗu duk su fito, in sa wa hoton lambar odar a matsayin suna. Takardar kanta in rubuta sunan mai saye a bayanta da biro, ta shiga ambulan ɗin watan, ambulan ya shiga durowa mai duhu. Sai ya shekara nake zubarwa.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in gane shi ne cewa shaidar aikawa daban, shaidar isa daban, kuma kowace da wanda take yi wa magana. Rasit ɗin da ake karɓa a kanta tsakaninka ne da masu jigila. Shi ke cewa sun karɓa, don haka idan kaya sun ɓace, da shi za ka nemi diyya, kuma yawanci kai mai aikawa ne za ka nema, tunda kai ka yi yarjejeniya da su ba mai saye ba. Amma idan mai saye ya ce bai gani ba, abin da dandalin ciniki ke so ya gani shi ne bin sawu ya nuna an miƙa kaya a adireshin da ke kan odar. Rasit kaɗai ba ya raba wannan gardama. Na taɓa aika wasu madaurai ta hanya mafi araha marar bin sawu, da rasit ɗina tsaf a hannu, mai saye ya ce shiru, na mayar masa da kuɗinsa, sannan na juya na nemi ɗan abin da ya samu daga masu jigila da wannan rasit. Ban yi asarar komai da komai ba, amma ban ci riba ba. Daga nan na yanke wa kaina ƙa'ida: duk abin da ɓatansa zai hana ni barci, da bin sawu zai tafi, mai tsada kuma har da sa hannun mai karɓa. Adireshi ma wanda ke kan odar kawai nake bi. Idan mai saye ya rubuto daga baya ya ce a kai gidan ƙanwarsa, ina ba shi haƙuri ya soke odar ya sake yi da sabon adireshin, domin in na aika wani wuri daban, hujjata ce da kanta za ta juyo ta yi shaida a kaina.

Kayan da ke tsallaka iyakar ƙasa ta gidan waya suna da wani sauƙi da na jima ban lura da shi ba. Lambarsu tsari ɗaya gare ta a ko'ina, tsarin Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a birnin Bern a 1874. Gurbi 13 ne: haruffa biyu a farko, alƙaluma tara a tsakiya, haruffa biyu a ƙarshe. Na farkon suna faɗa maka irin aiken, R na rajista ne, E na gaggawa ne wato EMS, C na babban ƙunshi ne. Na ƙarshen kuma ƙasar da kaya suka taso, kamar FR na Faransa ko US na Amurka. Sanin wannan ya sa da kallo ɗaya nake gane ko an shigar da kayana a irin aiken da na biya. Dokar ƙungiyar ta ba da wata shida daga ranar aikawa a nemi a binciki kayan rajista ko ƙunshin da ya ɓata, kuma abu na farko da za a ce ka kawo shi ne rasit. Darajar da ka rubuta a takardar kwastan, CN22 ko CN23, ita ma ta zama ta gaskiya, don kada ranar neman diyya rubutun hannunka ya ƙaryata ka.

Inda har yanzu nake taka-tsantsan shi ne idan ɗan aike ya zo ɗauka har gida. Suna cikin sauri, mota na jira, sau da yawa sai ya ce zai shigar da su idan ya isa ofis. Ina ce masa, "Don Allah ɗan'uwa, yi haƙuri ka haska su a gabana, minti ɗaya ne." In na'urarsa ta ƙi, ina da takarda da na jera lambobin tun kafin ya zo, sai ya ƙirga ya rubuta adadi da lokaci ya sa hannu. Har yau ba wanda ya ƙi. Akwatunan da ake jefa kaya a ciki babu mutum kuwa, ba na barin gabansu sai saƙon tabbatarwa ya shigo wayata.

Makon jiya na je da ƙunshi biyar na tarar na'urar kanta ta tsaya. Ma'aikacin da ke wurin sabo ne, ya nuna mini kwando ya ce in ajiye, za su shigar in ta dawo. Na tambaye shi ko akwai littafin rasit na hannu da hatimi, ya duba ya ce an kulle shi a ofishin shugaba, shugaban kuma ya fita. Na ce masa ba komai, Allah ya kai mu gobe. Na mayar da kayana cikin jaka, na tsaya a bakin ƙofa na rubuta wa mutum biyar ɗin cewa kayansu za su makara da kwana ɗaya, na kuma faɗa musu dalili. Huɗu sun amsa da "ba damuwa", na biyar bai ce komai ba. Washegari da safe ni ne na biyu a layi.