Abin da kwamfuta ba ta gani a hanyar Illela

In anka tambaye ni aikin mi nake yi sai in ce lissafin ciniki, don in na tsaya dogon bayani mutum sai ya gaji. Kamfanin namu a Legas yake, ni ina nan Sakkwato da laftof ɗina. Masu kaya, madara ko sabulu ko lemun kwalba, su kan turo muna bayanan abin da dilolinsu sunka sayar, mu zuba a manhajojin lissafi na kwamfuta, Excel da Power BI, mu gaya musu ina talla ke biyan kuɗinta, ina kuma ake zubar da kuɗi banza.

Aikin na da daɗi wallahi amma akwai inda yake ci min rai. Watan Agustan 2023 cinikin wani kwastomanmu ya faɗi warwas ta wajen Illela, garin da ke kan bodarmu da Nijar, a mitin sai wani abokin aiki ya ce tallar ce ba ta kama ba a ƙara kuɗi a Facebook. Na ce oga dakata. An yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli, an rufe boda, kuma kayan nan da yawansu mutanen Ƙonni ta Nijar ke ɗauka su ƙetara da su, to wa za ka yi wa talla alhali hanyar ce a rufe?

Sai da na shiga mota na tafi da kaina. Na iske wani dila zaune bisa katan-katan na madara da ƙura ta rufe, ya jawo wani tsohon littafi da anka ɗaure da roba, shafi bayan shafi sunayen 'yan ƙetare ne da bashin da ke kansu. Ya ce ɗana ka gani da idonka, kaya na nan, masu ɗauka ne babu. Na ce Allah ya kawo sauƙi Alhaji. Littafin nan babu shi a datarmu ko kaɗan.

Haka batun azumi. Kowace shekara yana matsowa da kamar kwana 11, a 2023 an ɗauka 23 ga Maris, a 2024 kuma 11 ga Maris, in ka kwatanta Maris da Maris kai tsaye sai ka ga madara da sukari sun yi tsalle ka ɗauka tallarka ce ta yi aiki. Yanzu duk ripot ɗin da zan tura sai na saka kwanan watan Musulunci a gefe, har mutanen Legas sun fara tambayata yaushe Sha'aban zai kama.