Wasan labari na tebur: yadda za a shirya kaya makaho ya buga da hannunsa

A wasannin labari irin su Dungeons & Dragons, wanda ya fito a Amurka a 1974, rabin aikin baki ne ke yinsa: jagora yana ba da labari, ƴan wasa suna faɗin abin da jarumansu za su yi. Inda ake barin makaho a baya shi ne ƙwayar jifa mai lambobi, taswira da takardar da ake rubuta bayanan jarumi. Kuskuren da aka fi yi, a sa wani ya dinga jefa masa yana karanta masa. Wannan ɗan kallo aka mai da shi.

Ƙwaya mai fuska 20 da aka saba da ita ta yi ƙanƙanta, rubutun makafi ba ya zama a kanta. A nemo murafun kwalba guda 20 iri ɗaya, a manna lamba 1 zuwa 20 a cikin kowanne, a zuba a jakar yadi. Ya girgiza, ya zaro ɗaya ba tare da lalube ba, ya karanta, ya mayar. Sa'ar daidai take da ta ƙwayar, muddin ana mayarwa kowane karo. Lambobin kuwa a rubuta su da rubutun makafi a roba mai ɗan kauri. Takardar fotokopi ɗigonta yana kwanciya da zarar gumi ya taɓa ta. Mai rubutu da allo da tsinken rubutun makafi ya tuna daga dama ake farawa, domin sai an juya takardar ake karantawa.

Ta fuska 6, irin ta lido, kowane kafinta a kasuwar Katako ta Yamai zai yanka ta, santimita 3 kowane gefe. Kada a buga ƙusoshi a matsayin ɗigo. Gefen shida zai fi nauyi, ya riƙa kifewa ƙasa, ɗaya ta yi ta fitowa. Ramuka marasa zurfi sun fi. A jefa cikin ƙwarya don kar ta gudu ƙarƙashin tebur.

Taswirar da aka saba, gidanta santimita 2 da rabi ne, yatsa na shiga sai ya ture komai. A yi allon katako mai gidaje na santimita 4, rami a tsakiyar kowanne kamar na dara, kowane ɗan wasa da ɗan turke mai kai daban: zagaye, kusurwa uku, mai tsaga. Bango igiya ce, a kafa ta da ƙananan ƙusoshi, don gam yana saki a zafin watan Afrilu na Yamai. Ran jarumi kuma, wato yawan saran da zai iya jurewa, tsakuwa ce cikin gwangwani biyu, in an sare shi ya kwashe daga wannan ya zuba a wancan.

Dokokin wasa a tura su rubutu zalla. TalkBack a wayar Android da NVDA a kwamfuta, manhajojin da ke karanta wa makaho rubutu da murya, ba sa karanta shafin da aka ɗauka hoto kai tsaye, kuma jadawali yakan cakuɗe musu, gara a warware shi layi-layi. Mai gani dishi-dishi a buga masa baƙaƙe masu girman 18 ko fiye a ma'aunin rubutun kwamfuta, a takarda marar ƙyalli.

Saura bakin jagora. Ya daina cewa "dodo yana can". Ya ce, "Malam, dodo yana gida uku a damarka, ƙofa tana bayanka", kuma ya kira sunan wanda layi ya zo kansa maimakon nuni da hannu.