Jirgin yana zuwa ta waya, fentin ne wahala

Mu masu haɗa ƙananan jirage da motoci da tankokin yaƙi na roba ba mu da yawa a Legas, Hausawan cikinmu kuwa ai kana iya ƙirga su da yatsun hannu, daga Agege zuwa Idi-Araba. Ga wanda bai san harkar ba, kwali ne ake sayowa cike da gutsattsarin roba a manne jikin firam, ka yanka su ɗaya-ɗaya, ka goge da sanfefa, ka manna da gam, ka yi fenti, ka liƙa sitika. In ka ga an rubuta 1/72 a jikin kwali to jirgin gaske ne aka rage girmansa sau 72, tankoki kuma yawanci 1/35 ne, ma'aunin da kamfanin Tamiya na Japan ya yaɗa a duniya. Mutanen gida dai har gobe kayan wasan yara suke kiransa, na daina musu.

Akwai wani dattijo da muke zama da shi bayan la'asar, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, shi yake ba mu labarin yadda a da ake shiga manyan kantuna irin su Kingsway da Leventis da UTC, sashen kayan wasa daban, yaro ya tsaya yana kallon motocin Matchbox ta cikin gilashi ko da ba shi da ko kwabo. Na ce Baba ai kun more, ya ce morewar ta masu albashi ce, sauran yara motar kara da ta gwangwani suke yi abinsu. Daga 1986 da aka shigo da SAP, wato shirin gwamnati na tsuke bakin aljihu, naira ta fara zubewa, kayan waje suka yi tsada, kantunan nan suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, kuma babu wani ƙaramin shago da ya gaji wannan sashen.

Kar ma a ce mu kaɗai abin ya shafa. A Ingila kamfanin Airfix mai yin irin waɗannan kwalaye, da ya fitar da jirgin Spitfire ɗinsa tun 1953 sai da ya shiga hannu daban-daban kafin kamfanin Hornby ya saye shi a 2006, a Amurka kuma kamfanin Hobbico da ke riƙe da Revell, shi ma mai yin kwalayen ne, ya karye a 2018. Can ma ƙananan shagunan unguwa sun sha wuya a hannun masu sayarwa ta intanet, bambancin kawai su suna da shagunan da za su rasa, mu tun tuni babu.

Yanzu komai a waya ne. AliExpress, eBay, wani lokacin ka ci karo da mai sayar da nasa a Jiji ko Instagram, ga Temu ma ya shigo ƙarshen 2024. Kamfanonin Sin irin su Trumpeter da HobbyBoss da Meng sun cika kasuwa kuma wallahi aikinsu ba laifi, wasu ma sun fi tsofaffin kwalayen Turai fitar da ƙananan sassa. Samarin yanzu kuwa Gundam, wato mutum-mutumin yaƙi na kamfanin Bandai, suka fi so tunda shi ba ya buƙatar gam, roban ma da launinsa yake zuwa, ka danna ya shiga shi ke nan.

Amma yadda muke sayen ya canja mu mu ma, wannan shi ne abin da nake ta lura da shi. Tunda kuɗin kawowa wani lokacin ya kusa kuɗin kayan, ba wanda yake odar kwali ɗaya, sai mutum ya haɗa da yawa, ko mu haɗa kuɗi a guruf ɗin WhatsApp a yi oda ɗaya a raba, kuma tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023 dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,000, kowa ya koyi cewa abin da ka bari yau gobe ya fi ƙarfinka, to sai ka ga mutum ya tara kwalaye a saman wadirob ko ledar bai cire ba yana kuma duba wani sabo a waya. Mun zama masu tarawa fiye da masu haɗawa. Ga lokacin da bankuna suka taƙaita sayayya da katin naira a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya ma suka tsayar, a lokacin sai dai ka roƙi ɗan uwa da ke waje ya saya ya ba matafiyi.

Inda rashin shago ya fi ciwo shi ne ƙananan abubuwa. Fentin Humbrol ɗan gwangwani ne mai mililita 14, amma shi da tina (ruwan tsinka fenti) da gam ɗin Tamiya mai ruwa duk suna kama wuta, shi ya sa masu sayarwa da yawa ba sa yarda su ɗora su a jirgin sama. Sai ka ga kwalin jirgi ya iso lafiya, launin toka ɗaya tak ya tsayar da aiki wata guda. Dole wasunmu suka koma fentin akirilik mai haɗin ruwa irin Vallejo, wasu kuma suna zuwa Yaba wajen masu sayar wa ɗaliban zane da na gine-gine kaya, can ake samun burushi da wuƙar yanka da gam ɗin UHU, sauran sai dabara. Kuma launi a fuskar waya daban, a ido daban, babu mai shagon da zai buɗe ya ɗiga maka a takarda ka gani ko ya ce ɗan'uwa kar ka sa wannan tinar za ta cinye roban.

Wani abin kuma kayanmu na gida da wuya ka same su a kwali. Jirgin yaƙin Alpha Jet akwai shi, amma yawanci da tambarin Jamus ko Faransa yake zuwa, in kana son na sojan saman Nijeriya sai ka nemi sitika daban ko ka zana kore-fari-kore da hannunka. Danfo, bas ɗin hayar Legas, kuwa sai dai ka sayi ƙaramar bas ta Volkswagen ka fesa mata ruwan ɗorawa ka ja baƙin layi biyu. Wani yaro a guruf ɗinmu ya sayi injin 3D mai aiki da resin, wato ruwan roba mai daskarewa, yana sauke zane ya buga mana taya da kujeru, yanzu keke napep yake ta fama da shi a ma'aunin 1/35, ya ce in ya fito da kyau zai fara karɓar oda bayan sallah, ni dai na ce ya sa sunana a guda biyu.